Jinjina ga Masu Girmama Alƙalamin Mata

Wajen girmama mace mai alƙalami, mazanmu na Jahun da Dutse sun ciri tuta, kuma ya kamata a faɗa.

Je ka walimar saukar Alƙur'ani ka sha mamaki. Mai jawabi zai gyara babbar riga, ya matso da lasifika, ya ɗauko tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu: ta yi waƙe da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajoji ta ɗora musu malfa, ta tura su ƙauyuka su karantar da 'Yan Taru. A yi kabbara. Da yamma ya tarar da 'yarsa da littafin Hausa a ƙarƙashin filo, ya fizge, ya ce shirmen soyayya ne. Ai ya kyauta. Nana ta rasu tun 1864, ba za ta tsare shi ta tambaye shi dalilin cire yarinya daga aji biyu ba.

Masu rai su ne fitina. Dubi Balaraba Ramat Yakubu. An aurar da ita tana ƙarama, maimakon ta yi haƙuri ta ja bakinta, sai ta zauna ta rubuta *Wa Zai Auri Jahila?* Wannan rashin ta-ido da yawa yake! Allah Ya saka wa gwamnatin Kano da ta cinna wa littattafan Hausa wuta a 2007 don kare tarbiyya. Ɗakin masu yoyon fitsari da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke kula da shi a asibitin Jahun tun 2008 kuwa, shi ba a littafi yake ba, saboda haka bai ɓata tarbiyyar kowa ba.

Kada mu ji kaɗaici, muna da abokan tafiya a Iran. Mawaƙansu sun cika diwani da yabon Shirin da Laila, matan cikin labaran soyayya da ba sa mayar da magana. Amma da Simin Behbahani, mawaƙiya mai shekara 82, ta isa filin jirgin Tehran a 2010 za ta Faransa, sai aka karɓe mata fasfo. Tausayi ne, kada tsohuwa ta wahala a hanya.

Ke kuma 'yar Jahun da ke rubutu a waya cikin dare, kada ki ƙosa. Ranar da kika cika, za mu sa wa makaranta sunanki.