Laifin Dunduniya

Jiya-jiyan nan abin ya faru, bayan sallar La'asar, kuma har yanzu da nake wannan rubutu, idan na sunkuya na dubi dunduniyar ƙafata ta dama, sai in ji kamar in kai ta ƙara gaban alƙali.

Asalin maganar gajeriya ce. Ƙanin mai ɗakina, wanda sana'arsa haɗa bidiyon biki ce, ya kawo kwamfutarsa ya ajiye a ɗakin karatuna saboda unguwarmu ta fi tasu samun wuta, ga shi kuwa bidiyon auren autarsu yake haɗawa, wanda dangi kaf suka zuba ido suna jira. A cikin kwamfutar akwai katin hoto, wato ɓangaren da ke ɗauke da nauyin zana duk abin da ido ke gani a allo, samfurin GTX 1060 na Nvidia, fitowar 2016, ɗan kwatano, mai fanka biyu. Sau ɗaya tak yaron ya ce aikin yana jan ƙafa. Ni kuwa, da yake Allah Ya jarrabce ni da ciwon nan na almajirin da ya karanta babi ɗaya ya fara ba da fatawa, sai na ce ya tafi ya huta, kafin ya dawo zan sa dokinsa sukuwa.

Na buɗe manhajar MSI Afterburner, wadda da ita ma'abota wannan fanni suke ƙure gudun kati. Gudun da aka rubuta wa katin a hukumance megahaz 1708 ne, amma in ya sami sanyi yakan kai kansa wajen 1900 ba da an roƙe shi ba. Na yi ta ƙara masa kaɗan-kaɗan har ya zarce 2000 yana lafiya lau, sa'an nan da na ƙara taki guda sai ɗige-ɗige kore suka fito wa amarya a fuska kamar mai baƙon dauro. Maganin wannan, bisa ga abin da na karanta, shi ne a ƙara wa katin bolteji, wato ƙarfin da lantarki ke tunkuɗo shi da shi. To, a nan ne na tarar da ƙofa a garƙame: layin boltejin ya yi toka-toka, ba ya motsi, ba ya amsa sallama. Na shiga saituna na buɗe shi, na ja shi har ƙarshe, ya nuna ɗari bisa ɗari, zuciyata ta yi fari. Amma da na dubi ma'auni sai na ga abin ya ɗaga daga bolt 1.062 zuwa 1.093, ya tsaya cik, ya ƙi ƙara ko ƙwayar zarra.

Haƙiƙanin al'amari kuwa shi ne masu ƙirar sun kafa wannan haddi da gangan, kuma suna da hujja, domin zafin da kati ke fitarwa ba ya bin bolteji taki da taki, ninkawa yake yi bisa murabba'insa, kuma katin da kansa, in ya doshi digiri 83, sai ya rage gudu don ya tsira da ransa. Wanda yake zaune a Kano a watan Afrilu, ɗakinsa kamar tanderu, shi ne ya fi kowa cancantar ya gode wa wannan kulle. A katunan da suka gabaci wannan, dangin GTX 900, mutane sukan buɗe BIOS ɗin katin, wato ɗan littafin dokokinsa da ke rubuce a wata 'yar mitsitsiyar ma'ajiya, su gyara lambobin yadda suka ga dama. Amma daga wannan zuriya aka buga masa hatimi, in ka taɓa harafi ɗaya ba zai karɓu ba. Hanyar da ta rage ita ce ka aro BIOS na wani kati ɗan'uwansa, wanda aka yarje wa shan lantarki fiye da wat 120 na asali, ka rubuta a kan naka. Na san sarai cewa wannan ba zai ɗaga boltejin ba. Na sani, wallahi na sani. Sai dai mutumin da ya riga ya yi wa ƙanin matarsa alkawarin sukuwa ba ilmi yake nema ba, mafita yake nema.

Saboda haka na tuɓe riga don zafi, na rage daga ni sai singileti da wando, na buɗe nvflash, manhajar rubuta BIOS, na rubuta umarnin, ta tambaye ni ko na tabbata, na danna harafin amincewa, ɗige-ɗige suka fara jeruwa a baƙin allo ɗaya bayan ɗaya. Duk aikin bai kai rabin minti ba, kuma sharaɗinsa ɗaya ne rak, wanda ko ɗan koyo ya haddace: muddin ana rubutun nan, kada wuta ta yanke, domin tsohon littafin an riga an shafe shi, sabon kuwa bai kammalu ba. Na kuwa yi tanadi irin na masu hankali, don na kashe wutar gari da hannuna na tayar da janareta, na cika shi da mai, saboda kada masu wuta su yi mini ba-zata.

Ɗigo na goma sha wani abu ke nan na ji sallama a bakin ƙofa, kuma muryar ba ta kowa ba ce face ta surukina, Alhaji, mahaifin mai ɗakina, mahaifin mai kwamfutar, mahaifin amaryar da ke cikinta, wanda a shekara tara da aurenmu bai taɓa ƙetare zauren gidana ba sai ran nan, da aka ce masa bidiyon auta ya kusa.

Ina roƙon mai karatu ya tsaya tare da ni a wannan daƙiƙa, domin ni tun jiya a cikinta nake zaune. Wajibai biyu ne suka yi karo a kaina. Na farko, kada in motsa. Na biyu, babu Bahaushen da zai amsa sallamar surukinsa yana harɗe a kan kujera mai juyawa, kafaɗunsa a waje. Da na sami sararin yin ijtihadi, da na gane cewa wajiban nan ba su ma ci karo ba, tunda kwamfuta ba ta bukatar in zauna gadinta, abin da kawai take nema shi ne in bar wayarta lafiya. Amma jiki ya riga hankali. Na zabura na miƙe, hannun hagu ya tafi neman riga, hannun dama ya tafi neman hula, na juya na fuskanci ƙofa, na zame na durƙusa irin durƙuson da ake yi wa manya, gwiwar hagu a gaba, ƙafar dama ta miƙe baya ta shige ƙarƙashin tebur, inda doguwar soket ɗin nan mai jan makunni take kwance tun shekara uku ba ta taɓa cutar kowa ba.

Ƙas.

Ƙarar ba ta fi ta karyewar tsinken sakace ba. Bakina yana cikin faɗin "Barka da zuwa, Baba," kunnena kuwa yana can baya yana sauraron fankoki biyu suna sassautawa, suna jan numfashi, har suka yi shiru, irin shirun da kan biyo bayan gargara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dunduniyar ta ji makunnin kafin ta danna shi. Na rantse akwai wani ɗan taƙi, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, da fatar ƙafata ta taɓa sanyin robar nan ta gane ko mece ce, ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, ƙwaƙwalwa kuwa tana can ta shagala da lissafin ko rigar da na jawo a bai-bai take. A bai-bai take kuwa. Na sake auna abin a daren jiya, na durƙusa sau bakwai a daidai wurin, ina miƙa ƙafa baya da niyya, ko sau ɗaya ban sami makunnin ba.

A waje janareta yana ta ruri abinsa, cike da mai, cikin amana.

Gaisuwar suruki kuwa ba a gaggauta ta. Ya tambayi gida, ya tambayi yara ɗaya-ɗaya da sunayensu, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ina durƙushe ina amsa "Lafiya lau, Baba, alhamdu lillahi," alhali dunduniyata tana nan a kan gawar ba ta ɗaga ba, don ina tsoron in ɗaga a ji wata ƙarar. Da aka gama ya zauna, ya ciro carbi, ya ce, "To, Malam, a nuna mana 'yar taku." Na mayar da makunnin, na danna na kwamfuta. Fankoki suka tashi da ƙarfinsu, fitilu suka kama, allo kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

A nan ne Allah Ya kawo mini ɗauki ta hannun Baba Direba, tsohon da ke tuƙa Alhaji, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana jan babbar mota tsakanin Kano da Ikko, kuma ya yi imani cewa duk abin da ke da fanka mota ce. Ya matso ya sunkuya, ya shinshina bayan akwatin, ya kara tafin hannu a gefensa kamar mai duba zazzaɓin jariri, ya ce, "Ɗana, me ka yi mata?" Na yi masa bayani a taƙaice, cewa akwai wani kulle da ya hana ta gudu, na so in kewaye shi. Fuskarsa ta washe.

"Gwamna ke nan! Ai gwamna ka taɓa."

Alhaji ya ɗago kai daga carbi, don shi mutum ne mai gudun rigima da hukuma. Baba Direba ya ce ba wancan gwamnan ba, na jikin famfon mai, wanda Turawa ke ɗaurewa da waya su buga masa hatimin dalma don kada direba ya wuce ƙa'ida. Ya ce a zamaninsu babu yaron motar da bai san yadda ake kwance shi ba, kuma babu wanda ya kwance shi injinsa ya shekara. Na yi shiru, domin a cikin dukan abin da na karanta a kan wannan mas'ala babu wanda ya fayyace ta kamar tsohon nan, sai dai bayanin ya zo a makare da minti biyar.

Daga nan kuwa ilminsa ya kama gangara ba birki. Ya ce a duba lagireto, wataƙila ruwa ya ƙone. Na ce ba ta shan ruwa. Ya ce to shi ya sa. Ya ce a nemo fis, in ya tsinke a naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba, haka suka yi a Jebba wata shekara suka kai har gida. Ya ce a cire kan batir a kankare shi da wuƙa. Ya ƙwanƙwasa akwatin sau uku da mabuɗin mota, ya kara kunne, ya gyaɗa kai, ya ce aƙalla injin bai buga ba, tunda tana sulo. Ina jin daɗin maganarsa fiye da yadda zan iya faɗa, saboda muddin yana magana babu mai dubana.

Ni kuwa a zuci ina bin ƙofofin tsira ina tarar da su a rufe. Akwai katunan da ake yi wa BIOS biyu da ɗan makunnin sauyawa saboda irin wannan rana. Namu ɗaya gare shi. Akan cire waya daga kati a mayar jikin uwar allo, a ga hoto ta ƙwaƙwalwar kwamfutar, a sake rubutun. Amma ƙwaƙwalwar kwamfutar yaron i5-9400F ce, kuma wannan harafi na ƙarshe, wanda ban taɓa ba shi muhimmanci ba, ma'anarsa ita ce ba ta da idon kanta. Na tuna da farin ciki cewa na adana kwafin BIOS na asali kafin in fara, kamar yadda malaman fannin suka yi wasiyya. Sa'an nan na tuna inda na adana shi, wato a cikin wannan makauniyar da ke gabana.

Alhaji ya ja carbi ya kai ƙarshe, ya dubi baƙin allon, wanda babu abin da ke cikinsa sai inuwata da riga a bai-bai, ya ce cikin natsuwa, "Amaryar tana ciki?"

Na ce, "Tana ciki, Baba. Babu abin da ya same ta."

Ya ce, "To, madalla. Ta fito mana."

Daidai nan ƙanin mai ɗakina ya yi sallama, da leda a hannu, ya sayo mini tsire na ladan aiki. Ya dubi mahaifinsa, ya dubi allo, ya dube ni, ya ce, "Yaya, ya sukuwar?"

Kafin in buɗe baki Baba Direba ya riga ya naɗe hannun riga, ya dafa gefen teburin, yana auna tazarar da ke tsakaninsa da ƙofa.

"Yauwa, ga majiyi ƙarfi ya zo. Ɗana, kai zauna ka riƙe makunnin. Ni da yaron nan za mu tura, in ka ji ta ɗau gudu sai ka saki."