Tsakanin Sudusi da Tumuni

A Kutemeshi ta ƙasar Birnin Gwari, ɗan firamare kan haɗa gumi in aka ce ya cire 1/8 daga 1/6. Malamin rabon gado kuwa ko gezau: asalin mas'ala 24, sudusi 4, tumuni 3, bambanci 1.

A ce manomi ya rasu ya bar 'ya'ya da buhun masara 24. Mahaifiyarsa ta ɗauki 4, matarsa 3. Wato har ranar rabo uwar miji na gaba da buhu guda. In matan huɗu ne, ukun nan za su kasa, kowacce buhu ba kwata.

Ƙanin mamaci, wanda lissafi ya koro daga makaranta, shi ke gyara wa malam ƙidaya, alhali ɗa namiji ya katange shi, ko tiya ba zai samu ba.