Masu Kallon Ɗan Leƙen Asiri a Tsakar Gidanmu na Dabai

Da zarar an gama kaka, dawa ta shiga rumbu, ana maganar bikin Uhola, sai dare ya yi wa mutanen gidanmu na Dabai tsawo. A irin wannan lokaci ne ƙanena ke hawa babur ya shiga Zuru wurin masu tura fim, ya dawo da memori cike. A fito da talabijin a ɗora kan benci, a tada ƙaramin janareta, a ce yau an samo wa yara fim. Wancan zuwa nawa guda biyu ya kawo: Spy Kids na 2001, wanda yara biyu ke zuwa ceto iyayensu 'yan leƙen asiri, da The Spy Next Door na 2010, na Jackie Chan. Da na waiga na duba tabarmi da kujeru, masu furfura da masu goyo sun ninka yaran da aka ce don su aka yi taron. Tun daga nan na bar kallon akwatin, na koma kallon masu kallo.

Kujerar gaba ta Kofur ce, ba a gardama. Ƙasar Zuru gidan soja ce. Marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, ya yi gwamnan soja a Bauchi, Janar Ishaya Bamaiyi kuma ya riƙe rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, saboda haka da wuya ka leƙa unguwa ba ka tarar da tsohon soja ba. Namu ba kallo yake zuwa ba, duba fareti yake zuwa. Yana ƙirga harsasai da yatsu. In mai gadi ya juya wa ƙofa baya, sai ya buga sanda a ƙasa: "Wannan da a barikinmu ne, a gadurum zai kwana!" Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yara biyu sun shiga jirgin ƙarƙashin ruwa mai siffar kifi sun tsallake teku, Kofur bai ce uffan ba. Wasu dakaru da aka ƙera daga babban yatsa, kai yatsa, hannu yatsa, suka fito suna karo da juna, nan ma ya gyaɗa kai. Amma wani ya riƙe bindiga a karkace, sai da aka tsayar da fim aka saurari labarin Laberiya na 1990 daga farko.

Kusa da shi akwai Tafinta, ɗan aji biyar na sakandare. Masu fassara irin su Algaita na Kano sun sangarta mu, har yaranmu sun ɗauka Salman Khan Bakano ne, a Fagge aka yanke masa cibiya. To in fim ya zo da Turancinsa tsagwaro, sai a nemi Tafinta. Bos zai yi jawabi na minti biyu, yana zagaya ɗaki, yana nuna taswira. A juyo a dubi yaron. Ya gyara murya ya ce, "Ya ce za su gani." In maganar ta fi ƙarfinsa, sai ya ce, "Wannan wurin ba shi da muhimmanci." Daga bakinsa kuma wata jika ke juya wa Kaka da harshen C'lela, kafin zancen ya isa kunnenta ya koma kalma ɗaya.

Kaka dai ba ta ma bukatar kowa. Mutanen fim a wurinta kashi biyu ne, ɗan kirki da mugu, kuma daga fuska take ganewa. Tana yi wa jarumi ihu, "Ɗan nan, yana bayanka!" In ya waiga, ta dube mu da alfahari, don ya ji maganar manya. Ita ce ta warware mana fim ɗin Jackie Chan gaba ɗaya. Aka yi mata bayani cewa mutumin nan ɗan leƙen asiri ne, yana son auren maƙwabciyarsa, sai aka bar masa renon 'ya'yanta uku, suna ta gasa masa aya a hannu. Kaka ta yi shiru, ta tauna goronta, ta ce, "Ashe golmo yake yi." Gidan ya kwashe da dariya, har Kofur. Ta ƙara da cewa saurayin da ya yi wa surukai noma shekara bakwai a zamaninsu bai sha wuyar da bawan Allahn nan ya sha a 'yan kwanaki ba, a ba shi matar kawai.

Sai Na-riga-na-gani. Shekararsa tara, ya kalli fim ɗin a wayar yayansa ba adadi. "Yanzu zai faɗo. Ku duba, ku duba! Wannan mai gilashin shi ne mugun, ba wancan ba." An yi masa alkawarin rake, an yi masa alkawarin bulala, duk a banza. Ranar da aka kore shi ɗaki, ta taga ya ci gaba da aiki.

Gwaggo ce mai tsaron rimot. Ta san halin 'yan leƙen asiri tun zamanin kaset, ta san James Bond, wanda tun 1962 yake yawon duniya bai taɓa wuce mace bai tsaya ba. Don haka babban yatsanta na kan maɓalli daga farko har ƙarshe. Aka ce mata, "Gwaggo, wannan na yara ne, kuma waɗannan biyun mata da miji ne." Ta ce ita ba ta halarci ɗaurin auren ba. Mijin ya matso kusa da matarsa, Gwaggo ta danna, fim ya yi tsalle ya wuce wurin da aka kama iyayen. Muka yi rabin sa'a muna kallon yara suna gudu, babu wanda ya san abin da ya koro su, Tafinta kuma ya ce wurin ba shi da muhimmanci.

Akwai Kawu mai lissafi, wanda duk motar da ta kife sai ya mayar da ita buhunan masara ya yi salati. Akwai maƙwabcin da caji kawai ya kawo, wayarsa ta cika tun ɗazu, yana nan.

Amma gwanina shi ne Maigida. Ba ya zama. Tsaye yake a bakin zaure da rediyo a hannu, fuska a murtuke, yana cewa, "Ku dai ba ku da aikin yi." Ƙafa ɗaya a waje, ido biyu a ciki. Ana tsakiyar faɗan ƙarshe janareta ya yi tari ya mutu. Kafin kowa ya motsa, sai ga Maigida ya zaro kuɗi daga aljihu: "Kai, yi maza ka sayo lita ɗaya, kada yaran nan su yi kuka." Aka haska tocila a kan tabarma. Yaran duk sun yi barci, wani da ƙullin tuwo a hannu.

Haka suke. Su faɗuwa da duka da na'urori ne nasu, in aka shiga dogon zance sai gyangyaɗi. Da safe ne fim ɗinsu ke farawa: agogon kara, tabarau na waya, gwangwanin madara biyu da zare, ana bin akuya a ɓoye har bayan rumbu.

Ɗaya ce kawai ba ta runtsa ba, autar gidan, 'yar shekara shida, wadda ko sau ɗaya ba ta dubi talabijin ba. Da gari ya waye ta zauna gaban uwarta ta ba da rahoto: wanda ya buɗe tukunyar miya da duhu ya yi, wadda ta fita zaure sau uku da sunan shan iska, da kuma cewa Baba ya karɓi memorin ya sa a wayarsa, ya kalli ƙarshen a ɗaki har yana dariya. Mai karatu, in hanya ta kawo ka Dabai da rani, ka zo da litar fetur ɗinka, kada ka zauna a kujerar Kofur, kuma ka kula da bakinka a gaban Auta.