Masu Jerin Gwano a Akokan, Kowa da Abin da Ya Fito da Shi

Akokan, maƙwabcin Arlit, gari ne da kamfani ya haifa. An kafa COMINAK a 1974, ya fara fito da uraniyom daga ƙarƙashin ƙasa a 1978, ya gina gidajen ma'aikata da asibiti, ya ja ruwa da wuta, sannan ranar 31 ga Maris 2021 ya rufe rami ya bar tsibin sharar ma'adini da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20. Ma'aikatansa kusan 600 sun karɓi kuɗin sallama, leburorin 'yan kwangila kuwa suka yi ta kukan an manta da su. Duk mai cewa mutanen nan ba su da dalilin fitowa titi bai taɓa bin hanyar Tawa zuwa Arlit ba. Fushin halal ne. Abin dubawa shi ne su wa ke ɗauke da shi ranar jerin gwano, kuma a hannun wa yake kwana.

Na gaba shi ne sarkin lasifika. In an ba shi minti biyar, sai ya faro daga zuwan Turawa, kafin ya iso kan batun ruwan famfo rana ta take, tsofaffi sun nemi inuwa. Jawabinsa ɗaya ne tun zamanin Areva, kamfanin Faransa mai hannun jari a COMINAK. Da kamfanin ya koma Orano a 2018, suna kawai ya goge ya rubuta wani. A gefensa akwai ɗan hoto, wanda ba ya isowa sai 'yan jarida sun iso. Shi ne mai kama tsakiyar ƙyallen koke, rawani a naɗe tsaf, fuska a murtuƙe har sai an ɗauka, kafin magariba kuma ya cika Facebook da labarin gwagwarmayar da ya sha. Tambaye shi abin da aka rubuta a ƙyallen, zai ce ai ta baya yake ganinsa. Bayan waɗannan biyu akwai mai riga biyu, ɗan siyasar da idan nasa ba sa kan mulki, shi ne mai cewa haƙuri ya ƙare, idan suka hau kuma shi ne mai cewa gyaran ƙasa ba a yinsa dare ɗaya. Tun da aka rusa jam'iyyu a 2025 ya ɗinka riga ta uku, yanzu ɗan farar hula ne.

A bakin hanya ma akwai nasu. Masanin fada ba ya taka ƙafa cikin sahu, yana kan tabarma da butar shayi, amma ya san farashin uraniyom a kasuwar duniya, ya san wanda ya biya masu zanga-zangar da wanda ya biya masu hana ta. Kowane kofi da nasa asirin, kafin a kai na uku ya sauke minista biyu. Akwai mai ihun guba, wanda muryarsa ta fi ta kowa wajen tsine wa tururin ma'adini, alhali ƙyauren gidansa tsohon ƙarfen kamfani ne da ya saya a kasuwa da araha, ya ƙi kuma a auna, don kada a ce ya cire. Sai ɗan kabu-kabu da mai ruwan leda, waɗanda ba su taɓa ɓoye abin da ya kawo su ba. Cikin taron duka su kaɗai ne ke zama da dare su yi lissafin abin da ranar ta haifar, kuma wannan ɗabi'a ce da shugabannin taron ya kamata su ara.

Can a ƙarshen sahu akwai mai jakar takardu. Galibi tsohon ma'aikaci ne ko leburan ɗan kwangila, ba ya ihu don ƙirjin ba ya ɗauka. A jakarsa akwai takardar albashi, da sakamakon likita, da kwafin wasiƙar da ya kai ofishin magajin gari da hatimi a kai. Yana gundurar mutane, kowa na gudun ya tsare shi da kwanan wata. Amma tarihin garin nan ya nuna irinsa ne ke motsa kamfani. Almustafa Alhasan da ƙungiyarsa Aghir In'man sun gayyato masu binciken CRIIRAD daga Faransa a 2003. A 2009 Greenpeace ta auna titunan Akokan ta tarar da wuraren da tururin ya kusa ninka na ko'ina sau 500, kamfani kuma ya koma kwashe ƙasar wuraren. A 2017 aka ba Alhasan kyautar Nuclear-Free Future. Na'urar awo da takarda ne suka yi wannan aiki, domin ana iya musun ihu amma adadi sai an amsa shi.

Za a ce in ba a cika titi ba, wa zai buɗe wa mai takarda ƙofa? Akwai gaskiya a nan. A Oktoban 2013 dubban mutane sun yi jerin gwano a Arlit daidai lokacin da gwamnati ke ciniki da Areva, a Mayun 2014 kuma aka cimma yarjejeniyar da ta ɗora dokar ma'adinai ta 2006 a kan kamfanonin haƙar biyu, COMINAK da SOMAÏR, tare da alƙawarin yuro miliyan 90 don gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit. Titi ya taimaka. Sai dai taro ya watse ranar da aka yi shi, alƙawari kuma yana buƙatar mai binsa shekara da shekaru, ga shi direbobi sun ci gaba da cin wuya a hanyar. Za a kuma ce wannan wa'azin haƙuri ne irin wanda masu mulki ke so. Akasin haka ne. Mai mulki yana iya jure yini guda na ihu, ya karɓi takardar koke, ya yi godiya, a tashi. Abin da ke hana shi barci shi ne mutumin da zai dawo kowane wata yana tambayar ina aka kai kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai da doka ta ware wa ƙananan hukumomin jihar.

Babbar cutar gari irin Akokan ita ce sabo da uba ɗaya mai ba da gida da wuta da magani, wanda ake zagi da safe a jira alherinsa da yamma. Gwamnati ta ƙwace lasisin mahaƙar Imouraren daga hannun Orano a 2024, ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa a Yunin 2025, sarkin lasifika ya rasa Baturen da yake zagi, amma sharar tana nan inda take, ba ta san an canza mai gida ba. Don haka a fito titi idan ta kama, cikin tsari, ba ƙone-ƙone, tun da abin da aka ƙona na gari ne. Sai dai kafin a ɗauko lasifika, limamai da masu unguwa da tsofaffin 'yan sandika su zaɓi mutum biyar masu naci, a ba su aikin bin kowane alƙawari da ranarsa da sunan wanda ya ɗauke shi, su riƙa karanto wa jama'a sakamako. Wanda ba zai iya zaman wannan aiki ba, a bar masa riƙon ƙyalle, ya iya shi.