Ranar da Kwamfutata Ta Manta Sunan Kowa

Ɗan yayata ne ya saka mini Ubuntu a kwamfuta. Ya ce kyauta ne, ni kuwa da na ji "kyauta" ban ƙara tambaya ba. Ya nuna mini pip, manhajar da ke sauko da kayan aikin Python daga intanet, sannan ya koma makaranta Zariya.

Na sa pip ya sauko mini da wata ƙaramar manhaja. Ya sauke, amma ya yi gargaɗi cewa ya ajiye ta a ~/.local/bin, wurin kuma ba ya cikin PATH. Na kira sunanta, kwamfuta ta ce ba ta san ta ba.

Sai na buga wa yaron waya.

"Kawu, ai abu ne mai sauƙi. PATH jerin wuraren da kwamfuta ke leƙawa ne in ka ba ta umarni, kamar jerin shagunan da ake ba ɗan aike. Ka buɗe fayil ɗin .bashrc ka ƙara layi ɗaya."

Ya karanto layin, sabis na yankewa. Abin da ya iso kunnena shi ne export PATH=$HOME/.local/bin. Wutsiyar, wato :$PATH, wadda ke riƙe tsofaffin wuraren, ta maƙale a hanyar Zariya.

Na buɗe sabon tamina, wato tagar rubuta umarni, manhajar ta tashi, na yi hamdala. Na rubuta ls don in ga fayiloli, kwamfuta ta ce ba ta samu ba. Na gwada sudo, haka. Na nemi nano don in goge layin, shi ma ya ɓace. Garin gyaran gira an rasa ido. Abin da ya rage sai irin su cd da echo, don su a jikin bash suke, wato manhajar da ke karɓar umarni a tamina, na yi ta shiga folda ina fita ba tare da na ga abin da ke ciki ba.

Uwargida ta ce a saka kwamfutar cikin buhun shinkafa. Maƙwabcina ya leƙo ya ce bairos ce, a goge komai, zai yi mini a farashin zumunci.

Bayan isha'i yaron ya kira. "Kawu, babu abin da ya ɓata. Ka kira nano da cikakken adireshinsa: /usr/bin/nano ~/.bashrc." Na rubuta, nano ya bayyana, na liƙa wutsiyar, kowa ya dawo gida.

Sai ya ƙara da cewa, "Af, Kawu, da tun farko ka fita daga asusunka ka sake shiga, Ubuntu da kansa yake ƙara wurin ta fayil ɗin .profile."

Na ce masa Allah ya yi masa albarka, amma kuɗin kati na wannan watan ya nema wurin uwarsa.

Mai karatu, in za a ba ka umarnin kwamfuta, ka ce a turo maka a rubuce. Kafin ka taɓa PATH kuma, ka rubuta echo $PATH, ka kwafe abin da ya fito a takarda.