Rikicin Wake a Tukunyar Amurkawa

Idan Ba'amurke ya so tara jama'a ba tare da aljihunsa ya yi kuka ba, ko a tsakiyar hunturu, ko ranar wasan ƙarshe na ƙwallonsu a watan Fabrairu, ko coci na neman kuɗin gyaran rufi, abin da yake ɗorawa a wuta shi ne cili. Miya ce mai kauri ta naman sa da busasshen barkono da albasa da tafarnuwa, a bar ta tana ɓararraka har nama ya yi luguf. Asalinta abincin talaka ce. Mata ne suke sayar da ita a dandalin San Antonio tun wajen 1880, har masu duba-gari suka tashe su a shekarun 1930. Amma ka ga yadda ake shirya ta yau, sai ka rantse gada za a gina.

Da lissafi ake farawa. Uwargida za ta aika gayyata, ta ce kowa ya faɗi ko zai zo, da mutum nawa. Sai ta zauna da biro: galan ɗaya kofi 16 ne, kowane baki kofi ɗaya da rabi, mutum 50 ke nan galan biyar ya ishe su har da saura. Da a gidan suna ne a Kano aka kama mace tana ƙirga bakin baƙi haka, da zancen ya kai jikokinta. Su a wajensu wannan shi ne iya karɓar baƙi.

Lissafin ma mai sauƙi ne, wake ne fitinar. Mutumin Texas, wanda majalisar jiharsa ta zauna a 1977 ta ayyana cili a matsayin abincin jiha, yana ganin zuba wake a ciki cin mutuncin kakanninsa ne. Na sauran jihohi kuma ba ya gane tukunyar da babu wake. Can a Cincinnati sun yi gaba abinsu: su sa kirfa, su kwarara a kan taliya, su binne da cuku, su ce ai shi ma cili ne. Kada ka ɗauka wasa ake yi. A 1967 aka yi gasar girki a Terlingua, wani tsohon garin haƙar ma'adinai kusa da iyakar Meziko, tsakanin ɗan jarida Wick Fowler na Texas da marubuci H. Allen Smith daga New York, aka tashi canjaras. Daga baya masu shirya gasar su ma suka ɓata, ga shi yanzu gasa biyu ake yi a gari ɗaya, a farkon Nuwamba, kowa na cewa tasa ce ta gado.

To, baiwar Allah da ta gayyato mutum 50 ta gayyato duk waɗannan ɗariƙu. Dole ta yi tukunya mai wake da marar wake, da ta kaza don masu gudun jan nama, da wadda babu nama sam saboda 'yar ƙanwarta da ta dawo daga jami'a da sabuwar aƙida. Kowace tukunyar lantarki da takardarta a manne. A jona su duka a soket ɗaya, wutar gidan ta ɗauke.

A nan ne maigida yake bayyana. Mutumin da duk shekara bai san inda ludayi yake kwana ba, ranar nan shi ne da ɗaura gyauto, yana juya tukunya yana maganar sirrin da ya gada. Matsa masa kaɗan, za ka tarar sirrin cakulan ne ko ragowar kofin gahawa. Shi ne kuma mai cika baki a kan yaji. Ya ɗanɗana, ido ya kawo ruwa, hanci ya tsiyaya, ya ce da muryar da ta shaƙe wai bai ji komai ba.

Bayan duk wannan wahala, zo ka ga teburin rabo. Kowa zai ɗibi ludayi guda, ya bi layin ƙananan kwanuka yana ɗorawa: cuku, kirim mai tsami, yankakkiyar albasa, biskit mai gishiri, burodin masara. Kafin ya kai kujera, miyar da aka kwana ana tattali ta ɓace a ƙarƙashin tsibi, mai wake da marar wake duk ɗanɗanonsu ɗaya. Haka zai cinye, ya goge baki, ya ce ta yi daɗi, sai dai ta mahaifiyarsa ta fi.

Cikin 50 ɗin da suka yi alkawari, 30 suka zo. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa tana cusa wa kowa roba cike, tana tabbatar masa cewa cili ya fi daɗi idan ya kwana. Abin da ya rage ya shiga firiza, yaran gidan su sha shi har Maris.