Rabe-raben Masoya Tsofaffin Kaset-kaset na Shata a New Bell

Kaset ɗin wasa shi ne wanda aka ɗauka a filin biki, ko wajen naɗin sarauta, ko ƙofar gidan wani attajiri, mawaƙi yana tsakiyar aiki, ba a ɗakin ɗaukar murya na kamfani ba. Ana gane shi da guɗar mata, da shelar sanƙira, da kukan lasifika, wani lokaci har da muryar mai riƙe da rikoda yana roƙon a daina ture shi. A unguwar Hausawa ta New Bell, cikin birnin Duwala na ƙasar Kamaru, irin wannan kaset ya fi faifan kamfani daraja, musamman in na Alhaji Mamman Shata ne, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya rasu a 1999, aka yi masa sutura a Daura.

Dalilin darajar yana cikin yadda Shata ke waƙa. Nan take yake shirya baiti, kalangu na tashi, 'yan amshi na biye da shi, ya saka sunan wanda ya gani a fili, ya cire na wanda bai zo ba. Bakandamiya, wadda ya yi wa kansa kirari a cikinta, ya rera ta a wurare da dama, kowace da tsawonta da mutanenta. Saboda haka babu kaset guda da za a ce shi ne na asali, kuma wannan bai hana kowane mai kaset rantsuwa cewa nasa ne ba.

New Bell ta kafu a ƙarshen mulkin Jamus, wajen 1913 zuwa 1914, lokacin da aka tashi mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, daga baya ta zama masaukin baƙi, ciki har da Hausawa fatake da mahauta da dillalan shanu. Da kaset ya yaɗu a shekarun 1970, waƙoƙin gida suka riƙa gangarowa ta Yola da Garwa, ko ta Maiduguri da Marwa, sannan su hau jirgin ƙasa a Ngaundare, inda dogo ya isa a 1974. Wasu kuma an ɗauke su daga Rediyon Kaduna a kan mita 49, tare da duk tsawar da aka yi a daren. Masu sauraronsu sun kasu gida tara.

Mai Akwati

Dattijo ne mai adakar ƙarfe a ƙarƙashin gado, cike da TDK da Sony da Maxell, kowanne an rubuta masa suna da ajami, tawadar ta koɗe. Alamarsa ita ce ba ya kunna ko ɗaya, don kada zare ya gaji. Duwala gari ne da ruwan samansa ke wuce milimita 3,500 a shekara, laima kuwa ba ta neman izini kafin ta shiga adaka, don haka rabin dukiyar tasa ta yi fumfuna tuntuni. In an tambaye shi wata waƙa sai ya ce, "Akwai ta, ɗana, har kala uku." In an ce a ji, sai ya duba agogo ya ce la'asar ta gabato.

Ganau

Duk kaset ɗin da aka sa, yana wurin ranar da aka ɗauke shi. Ya san kalar rigar Shata, ya san wanda ya ba da doki, ya san abin da aka ci bayan an tashi. Akwai wani tari da ake ji a tsakiyar waƙa, wanda ya ce nasa ne, mura ce ta kama shi a hanyar Funtuwa. Aƙalla mutum uku a majalisa ɗaya sukan yi iƙirarin tarin nan. In aka lissafa shekarun Ganau, sau da yawa sai a tarar yana goye a ranar, amma ladabi ya hana a yi lissafin a gabansa.

Alƙalin Shekara

Wannan ya fi kowa ilimi, ya fi kowa gajiyar da jama'a. Yana da hanyoyin gane zamanin kaset, kuma hanyoyin na gaskiya ne. In sanƙira ya ambaci naira, ba a yi wasan kafin Janairun 1973 ba, lokacin da naira ta maye gurbin fam a Nijeriya. In an ce Jihar Katsina, to bayan 1987 ne. In an kira mawaƙin Dakta, to bayan 1988 ne, shekarar da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Waƙar kumbon Apollo 11 kuwa ba ta yiwuwa kafin 1969. Matsalarsa ita ce ba ya barin waƙa ta kai ƙarshe. Yatsansa na kan maɓallin tsayarwa, yana mayar da zare baya don a sake jin kalma ɗaya, har shayi ya huce. Shi da Ganau ba sa ga maciji, domin sana'ar ɗaya ita ce rushe ta ɗayan.

Likitan Zare

Kayan aikinsa biro ne na Bic, da reza, da jan farce, da auduga da ɗan sifirit na goge kan rikoda. In rikoda ta tauna zare, shi ake kira. Sai ya kwance kusoshin, ya yanke wurin da ya cukurkuɗe, ya haɗa bakin biyu, ya naɗe da biro a hankali. Aikin yana kyau, sai dai kowace tiyata tana tafiya da rabin baiti. Akwai kaset-kaset a New Bell da suka sha magani a hannunsa har waƙar ta fara da yabon wani sarki ta ƙare da yabon wani direba, ba tare da an ji inda aka sauya ba. Shi ne kaɗai ya san cewa siririyar muryar da wasu ke kira muryar Shata ta ƙuruciya, batirin mai ɗauka ne ya yi sanyi, zare ya tafi a hankali, da aka kunna da sabon batir sai komai ya yi sauri. Ba ya faɗa, don kada ya ɓata wa masu ba shi aiki rai.

Mai Aro

Yakan zo da sallama mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Kawu, kwana ɗaya tak, in kwafa in dawo da shi." Ba a taɓa samun labarin wayewar wannan kwana ɗayan ba. In an matsa, kaset yana wurin ƙanensa a Yawunde, ƙanen kuma ya koma Marwa. Wani reshe na wannan rukuni yana dawo da kaya, amma kwafin yake kawowa a cikin kwanson na asalin, ya riƙe mai kyan. Duk da haka ya cancanci godiyar tarihi, domin yawancin waƙoƙin da suka tsira daga fumfunar Mai Akwati ta hannunsa suka fita.

Tubabbe

Ya sanar da jama'a cewa ya bar sauraron kiɗa tun da ya dawo daga Makka. Ba ya zama a majalisa in an kunna rikoda, sai ya ja kujerarsa taku biyar, daidai inda sauti ke isa, ya riƙe carbi. Fuskarsa a murtuke, babban yatsan ƙafarsa yana bin kalangu. In wani ya yi kuskuren baiti, daga can zai gyara masa, sannan ya yi istigfari. Yakan yi sassauci ga waƙar da Shata ya yi ta yabon Annabi, kuma in ta ƙare wata ta biyo baya a zaren, ba ya ganin laifinsa ne.

Ɗan Amshin Sa-kai

Ba wanda ya ɗauke shi aiki, amma ya fi 'yan amshin cikin kaset ƙwazo. Yana riga mawaƙi shiga baiti, yana kaɗa kalangu da baki, yana buga bencin mai shayi. Kaset mai lamba 60 minti talatin ne kowane gefe, mai lamba 90 minti arba'in da biyar, waƙar fili kuwa ba ta san da wannan iyaka ba, shi ya sa kowane kaset ke da giɓi a inda mai ɗauka ya tsaya juyawa. Ɗan Amshi ne ke cike giɓin daga ƙwaƙwalwarsa, kuma abin da yake cikewa da shi yana sauyawa daga mako zuwa mako.

Tafinta

New Bell unguwa ce ta kowa da kowa, akwai Bamileke, da Basa, da Bamun, da 'yan asalin Duwala da suka tashi da kiɗan makosa da na Manu Dibango. In maƙwabci ya tsaya sayen tsire ya tambayi abin da mawaƙin ke faɗa, Tafinta ya samu aiki. Yana farawa da Faransanci, ya zarce da Turancin buroka, ya ƙarasa da hannu. Habaicin da Shata ya gama a numfashi ɗaya yakan ci masa minti goma, a ƙarshe maƙwabcin ya tafi da fahimtar cewa wani mutum ya ba wani mota. Irin wannan hidima yake yi wa 'ya'yansa haifaffun Duwala, waɗanda ke gyaɗa kai cikin ladabi, kunne ɗaya toshe da waya.

Ɗan Memori

Shi ne ƙarami a rukunan, kuma shi ya gaje su duka. Ya jona tsohuwar rikoda da kwamfuta, ya juye abin da ya samu, yana zuba wa 'yan acaɓa da masu shaguna waƙa ɗari a memori kan 'yan sefa kaɗan, sauran ya tura WhatsApp da YouTube. Ba ya rowa, ba ya kuma tantancewa. A wurinsa duk tsohuwar murya Shata ce, ko da kuntigin Ɗanmaraya Jos ne ke tashi, ko kotson Musa Ɗanƙwairo, ko ƙwaryar Barmani Coge. Kowace waƙa ya sa mata suna "orijina", wata "orijina ta biyu". Alƙalin Shekara ya sha yi masa wa'azi, shi kuma yana amsawa da "To, Baba," ya ci gaba da abin da yake yi.

Cuɗanyar rukunan

Rabe-raben nan ba su da katanga a tsakaninsu. Mutum ɗaya yana iya zama Mai Aro da safe, Alƙali da yamma, Tubabbe a watan azumi. Shekaru ma suna ciyar da mutum gaba: Mai Aro in ya tara abin da ya isa sai ya sayi adaka, ya daina ba da aro, domin ya san halin mutane. Ganau ne kawai ba a shiga rukuninsa da ƙoƙari, sai an jira waɗanda suka halarci wasan da gaske sun ƙare. Yawan masu wannan matsayi a New Bell yana ƙaruwa kowace shekara, ko da yake mawaƙin bai sake yin wasa ba tun 1999.